Tagwayen na'urorin mashigar Wi-Fi: ta biyu ta karɓi aiki, amma ba ta san kowa ba

Na sayi waɗannan na'urori biyu, waɗanda ta cikinsu wayoyi ke bi su shiga intanet, domin ɗakunan kwanan ɗalibai da nake kula da intanet ɗinsu a Kano, inda ake sayar da tikitin shiga na yini ko na mako. Dillalin ya tabbatar mini cewa idan ɗaya ta mutu, ɗayar za ta ɗauki aikin ba tare da kowa ya lura ba, kuma saboda wannan alkawari kaɗai na amince na biya kuɗin guda biyu.

Ranar gwaji ta zo da daddare a makon jarrabawa, lokacin da aka ɗauke wuta kuma inbatar da ke riƙe da babbar na'urar ta gaza. A nan dole in yaba. Tsarin VRRP, wanda ke sa na'ura ta biyu ta maye gurbin ta farko, ya yi abin da aka san shi da shi: ta biyun tana sauraron saƙon da ta farko ke aikowa kowace daƙiƙa, da ta ji shiru na kimanin daƙiƙa 3 sai ta karɓe adireshin IP ɗin mashigar. Wayoyin yaran ba su ma sauka daga Wi-Fi ba, ni kuwa har na fara yi wa dillalin addu'a.

Murnar ba ta daɗe ba, domin adireshin kawai aka gada, ba a gaji jerin waɗanda suka riga suka shiga ba. Kowa aka mai da shi shafin shiga, kuma da suka sake rubuta lambar tikitinsu sai aka ce ana amfani da ita a wata waya. Dalili shi ne na'urar da ta mutu ba ta samu aika wa sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance tikiti tana riƙe da lissafin masu shiga, saƙon rufe lissafi ba, don haka sabar ta ci gaba da ɗaukar kowa a matsayin yana ciki, ga shi kuma mun ƙayyade waya ɗaya ga kowane tikiti. Haka na zauna ina goge matattun zaman, wato bayanan shigar da suka maƙale a sabar, da hannu, ɗalibai sun cika ƙofar ofis suna cewa, "Malam, kuɗinmu fa yana tafiya."

Da na koma wurin dillalin sai ya bayyana, cikin sanyin murya, cewa kwafe bayanan zama tsakanin na'urorin biyu yana buƙatar wani lasisi daban, maganar da bai taɓa yi ba ranar ciniki. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da daren kansa.

Ƙarfen na'urorin yana da kyau, yana jure zafin bazara, kuma ba zan mayar da shi ba. Amma duk mai shirin saye ya sa a cire filogin babbar na'urar a gabansa yayin da wayarsa ke ciki da tikiti, sannan ya ga ko za a sake tambayarsa lamba kafin ya biya.