Tokaji Aszú ko Sauternes: wadda zan kai wa malami idan ni ne

Ɗan'uwa, ka tambayi wadda za ka saya cikin giyar inabi masu zaƙi guda biyu, Tokaji Aszú ta Hangari ko Sauternes ta Faransa. Sayi Tokaji Aszú mai puttonyos 5 (ma'aunin zaƙinta ne) ka kai wa malamin naka ranar bikin ritayarsa, hankalinka kwance. Duka biyun na taɓa sa kuɗina a kansu, amma Aszú ce har yau nake ajiye da kwalbarta ko da babu komai a ciki.

Asalinsu ɗaya ne. Wata funfuna ce da ake kira Botrytis cinerea take kama inabi a ƙarshen kaka, ta huhhuda fatarsa, ruwan ciki ya tsane, ɗan inabin ya yamushe kamar zabibi, zaƙi da tsami su taru wuri guda. Sai an samu hazo mai laima da safe, rana ta buɗe da yamma. Idan ruwan sama ya zarce, ita wannan funfunar ce za ta ruɓar da gonar baki ɗaya, manomi ya tashi a tutar babu. Abin da ya sa suke tsada ke nan.

Lokacin da nake karatu a birnin Debrecen na Hangari, wani abokin karatuna ya gayyace ni gonar kakansa kusa da ƙauyen Mád, a yankin Tokaj da ke arewa maso gabashin Hangari. Watan Oktoba ne. Mun isa da sassafe, hazon da ke tasowa daga kogunan Bodrog da Tisza ya rufe gangaren tsaunin, ko layin kuranga na uku ba ka hangowa. Tsohon ya miƙa mini bokiti ya nuna mini aikin: ba a yanke nonon inabin gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake tsince waɗanda suka yamushe, a bar sauran. Na yi tsinta har azahar, bayana ya ƙage, yatsuna suna manne wa juna, amma ko gindin bokitin ban gama rufewa ba. Tun ranar ban sake cewa an tsauwala kuɗin wannan giya ba.

Da yamma ya shigar da mu ɗakin ajiyarsa da aka haƙa cikin dutse. Bangon duk baƙar funfuna ce mai laushi kamar auduga, kuma ba sa share ta. A nan ya zuba mini ɗan kaɗan a ƙaramin kofi. Farko zuma na ji, sai ɓawon lemu, sai wani abu kamar busasshen dabino, daga baya tsami mai kaifi ya biyo ya wanke bakin tas. Wannan tsamin na inabin Furmint shi ne sirrin, shi yake hana zaƙin ginsar mutum. Na sayi kwalba guda na kawo Jos lokacin da iyayena suka cika shekara 40 da aure. Mama, wadda ko a biki ba ta wuce kurɓi ɗaya, ita ta ce a ajiye mata ragowar kada baƙi su gani.

Kalmar puttonyos kada ta ruɗe ka. Puttony kwandon goyo ne da yake ɗaukar wajen kilo 25 na yamusasshen inabi, kuma a da ana ƙirga kwando nawa aka jiƙa a gangar giya mai lita 136. Yanzu sukari ake aunawa. Tun 2013 doka ta ce Aszú ba ta kasa giram 120 na sukari a lita guda, wato matakin puttonyos 5, mai 6 kuwa daga giram 150 take farawa. Ni dai mai 5 ta fi mini daidaito. Akwai kuma Eszencia, ruwan da yake ɗiga da kansa daga tarin inabin ba tare da an matse ba, kauri kamar zuma, har da cokali ake ba da ita, amma kuɗinta ba na ɗalibi ba ne. Kuma idan malaminka mai son tarihi ne, ka samu abin hira: tun 1737 aka shata iyakar yankin da dokar sarki, a 2002 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Sauternes kuwa ba zan ce ba ta da daraja ba. Kudu da Bordeaux take a Faransa, inda ruwan kogin Ciron mai sanyi yake shiga kogin Garonne ya tayar da hazo, yawancin inabinta Sémillon ne. Château d'Yquem ita ce gonar da aka ɗora ita kaɗai a saman jerin darajar giyar Sauternes na 1855, kuma daga girbin 2012 sun ƙi fitar da ko kwalba ɗaya don shekarar ba ta yi musu ba. Sai dai Sauternes ɗin da aljihuna ya kai gare ta, rabin kwalba da na saya a wani shagon filin jirgi, zaƙi ne zalla da nauyi a harshe, kofi ɗaya ya ishe ni, sauran a girki ya ƙare. Mai kyau a cikinsu sai ka buɗe bakin jaka sosai. Da kuɗin da za ka sayi Sauternes ta tsaka-tsaki za ka samu Aszú ta gaske.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Aszú a kwalba mai rabin lita take zuwa, da kalmar Aszú da shekarar girbi a rubuce a jiki. Idan aka miƙo maka mai zaƙi da sunan Tokaji kawai, mai araha, aka ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne: ko Szamorodni ce, ko ta girbin ƙarshe, suna da daɗinsu amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Haka idan ka ga Sauterne babu harafin s a ƙarshe, wata giya ce mai araha ta Amurka, ba ta da alaƙa da Faransa. Kada ka karɓi kwalbar da ta daɗe a tagar shago rana tana dukanta, ko wadda ka ga danƙo a bakinta, alamar ta yi yoyo ce. Mafi muni su ne masu ce wa mutane ruwan inabi ne kawai saboda zaƙinsa. Giya ce, da barasa a ciki, Aszú wajen kashi 11 cikin 100, Sauternes ta kan kai 13 zuwa 14. 'Yan'uwanmu Musulmi da duk wanda ba ya sha, kada wani ya yaudare ku da wannan magana. Kai ma ka tabbatar malamin yana sha kafin ka kashe kuɗinka.

Idan ka kai masa, ka ce ya sa ta a firji ta yi sanyi, ba ƙanƙara ba, ya sha a ƙaramin kofi bayan abinci, da cuku mai gishiri ko ita kaɗai. Ko an buɗe, idan aka toshe bakin aka mayar firji, za ta yi mako biyu ba ta sauya ba.