Ƙwaƙwalwar Roba Mai Gida Takwas: Inda Take Da Amfani Da Inda Take Ɓatar Da Ɗalibi

Ɗaliban aikin jinya a Katsina da takwarorinsu na fasahar lafiya a Daura kan yi karo-karo su sayi ƙwaƙwalwar roba domin bitar darasi. Mun duba irin wadda ake samu a shagunan kayan asibiti na cikin gari: girmanta daidai da ta mutum, tana rabuwa gida takwas, babu sunan kamfani a jikinta. Mun fi sa ido kan tushen ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kai, domin nan ɗalibai suka fi shan wuya.

Wajen fasali ba laifi. Sassan tushen guda uku sun fito sarai: ƙwaƙwalwar tsakiya a sama, fons mai tudu a ƙarƙashinta, sai medula wadda ke bi ta babban ramin gindin ƙoƙon kai ta zama lakar gadon baya. A medular nan cibiyoyin numfashi da bugun zuciya suke. Ɗalibi zai gani da idonsa cewa cikin jijiyoyi 12 na kowane gefe, ta 1 mai jin ƙamshi da ta 2 mai gani ba daga tushen suke fitowa ba. Ta 5, mafi kauri, tana zaune daidai a gefen fons. Ta 3 ma an sa ta inda ya dace, tsakanin ginshiƙai biyu na ƙwaƙwalwar tsakiya, kuma wannan kaɗai ya isa malami ya bayyana dalilin haska idon wanda ya yi hatsarin babur: idan jini ya taru cikin ƙoƙon kai, gefen ƙwaƙwalwa kan zame ya danne jijiyar, sai ɗigon baƙin idon wannan gefen ya buɗe ya ƙi tsukewa.

Matsalar tana ga ƙananan jijiyoyi. Ta 4 ita ce mafi siranta, ita kaɗai ce kuma ke fitowa ta bayan tushen kafin ta zagayo gaba. A wannan roba an zana ta a gaba kusa da ta 3, wanda kuskure ne tsagwaronsa, kuma wuri ne da masu jarrabawa ke son tambaya. Mai lalurar wannan jijiya yakan ga abu biyu-biyu idan ya dubi ƙasa, musamman wajen sauka daga bene.

A kwarin da ya raba fons da medula, ya kamata ta 6 ta kasance kusa da tsakiya, ta 7 da ta 8 kuma can gefe, kowace da jikinta. Nan an narka ta 7 da ta 8 sun zama dunƙule ɗaya. Haka a medula: akwai tudu biyu, wanda ake kira dala a gaba da wanda ake kira zaitun a gefe. Ta 12 mai motsa harshe tana fitowa tsakaninsu, yayin da ta 9 da ta 10 ke bayan zaitun. Fentin rawaya na jijiyoyin ya malala ya rufe iyakar, sai an kai ido kusa ake bambancewa. Saiwoyin ta 11 da ke tasowa daga lakar wuya kuwa babu su sam.

Akwai abin da babu robar irin wannan da za ta iya nunawa, wato cibiyoyin jijiyoyin da ke can ciki. Ba za ta fahimtar da kai dalilin da ya sa mai shanyewar ɓarin jiki kan iya tattare goshi alhali bakinsa ya karkace, amma wanda jijiya ta 7 kanta ta lalace ba ya iya ɗaga gira ko rufe ido ba. Dalilin shi ne cibiyar da ke motsa goshi tana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Wannan sai da zanen yankakken tushe. Ramukan da jijiyoyi ke fita ta cikinsu ma sai an haɗa da ƙoƙon kai na roba.

Ƙarkonta matsakaici ne. Ƙusoshin da ke haɗa sassan sirara ne, suna karyewa idan aka murɗa maimakon a ja a miƙe. Kada a bar ta a mota ko bakin taga a zafin Afrilu, domin roba kan lanƙwashe, sassan su ƙi komawa mazauninsu. Ƙurar hunturu a share ta da busasshen burushi mai laushi. Sifirit yana cinye lambobin da aka rubuta a jikin sassan.

Kafin ka biya, ka ce mai shago ya buɗe kwalin. Ciro tushen, juya bayansa ka nemi ta 4 a ƙarƙashin ƙananan tuddai huɗu da ke bayan ƙwaƙwalwar tsakiya, ƙirga jijiyoyin gefe biyu, sannan ka gwada lambobin jiki da na takardar bayani, don akan samu saɓani. Ga ɗalibin shekarar farko za ta yi, muddin akwai littafin zane a gefe. Malamin da zai koyar da gwajin jijiyoyin kai gara ya nemi robar tushen ƙwaƙwalwa zalla wadda aka faɗaɗa girmanta.