A nan sai an auna ƙashin mota kafin a taɓa ta

Jama'a, abin da ya fi burge ni a garejin tsofaffin motoci a nan Faransa shi ne awo. An kawo wata Peugeot 504 da aka sabunta tsaf, fenti sai ƙyalli, amma tana tafiyar kaguwa, bayanta na zamewa gefe, sitiyari a karkace. Rabin yini bakanike ya kwashe bai kwance ko kusa ɗaya ba.

Sai da ya ajiye ta a kan daɓe mai lebur, ya daidaita iskar tayoyi, ya miƙe sitiyari, sannan ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. A 504 salun, milimita 2,740 ake nema. Daga nan ya sako zare mai dalma daga wurare huɗu da masana'anta ta huda a ƙarƙashin motar, biyu gaba biyu baya, ya yi wa kowanne alama a ƙasa, ya auna a gicciye: gaban dama zuwa bayan hagu, gaban hagu zuwa bayan dama. Idan bambancin ya wuce kamar milimita 3, ƙashin motar, wato ƙarfen da ke riƙe da ita gaba ɗaya, ya goce. Idan gicciyen ya yi daidai amma tsakanin tayoyin bai yi ba, a nemi laifin a bushin da ya mutu, ko hannun taya da ya lanƙwashe. A mota mai sifirin falle-falle kuwa, sau da yawa kusar tsakiya ce ta karye, aksil ya ja baya.

Ita wannan 504 ɗin, laifin a ƙashi yake. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasanta an yi walda ba tare da an tokare jikin ba, ya murɗe. Aka ɗaure ta a tebur na kamfanin Celette, wanda ake miƙe ƙashin mota a kansa, aka ja ta a hankali, ba tare da an gasa ƙarfen ba.

Ina kewar masu gyaranmu na gida wallahi, hannunsu akwai albarka. Amma don Allah a daina awo da ido, a daina ɗaure mota da sarƙa a gindin bishiya ana fizga, ana gasa ƙarfe har ya yi ja. Ƙarfinsa ke tafiya. Sannan a cike da fila, a ce wa mai mota ya je alaimen, wato saita tayoyi, alhali alaimen ba ya miƙe ƙashin da ya karkace, tayoyi ne kawai za su ci gaba da cinyewa ta gefe ɗaya.