Hardwick Hall: gidan da gilashinsa ya fi bangonsa yawa

Asabar ɗin da ta wuce ni da maiɗakina muka tashi daga Sheffield zuwa Hardwick Hall, wani tsohon gidan masu sarauta a yankin Derbyshire na Ingila, kusa da Chesterfield. Mun yi kusan awa huɗu a can, kuma kuɗin tikitin bai tafi a banza ba.

Tun daga nesa muka hango shi bisa tudu yana ƙyalli. Mutanen yankin kan ce gilashin Hardwick ya fi bangonsa yawa, kuma ganin ido ya tabbatar min da haka. Ni da na tashi a gidan ƙasa mai kaurin bango da 'yan ƙananan tagogi saboda zafin rana, sai da na tsaya ina kallo. An gina shi tsakanin 1590 da 1597, zamanin da gilashi kayan masu hannu da shuni ne. Mai gidan kuwa mace ce, Bess ta Hardwick, wadda ta yi aure huɗu, kowanne ya ƙara mata dukiya. Robert Smythson ne ya zana mata fasalin ginin, amma sunanta ne a sama: kan hasumiyoyi shida an sassaƙa haruffan ES da dutse, wato Elizabeth Shrewsbury, sunan Bess bayan aurenta na ƙarshe (Bess gajeren Elizabeth ne).

Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda gidan ke ƙara girma yayin da mutum ke hawa. Tagogin ƙasa, inda barori ke hidima, su ne gajeru. Na tsakiya, inda ita kanta ta zauna, sun ɗara su. Na can sama, inda ake karɓar manyan baƙi, sun fi duka tsawo. Matattakalar dutse ce ke haɗa su, mai faɗi, tana lanƙwasa a hankali, haske na ƙaruwa taki bayan taki. Ka da ku yi gaggawa a kanta, domin nan ne hikimar maginin take. Da muka kai ƙarshenta sai ga babban ɗakin baƙi, an zagaye saman bangonsa da zanen filasta na daji da mafarauta, sannan wani dogon falo mai kimanin mita 50 wanda aka lulluɓe bangonsa da saƙaƙƙun labule masu hotunan tarihin Gidiyon na cikin Littafi Mai Tsarki, waɗanda Bess ta saya a 1592.

Ƙasan ɗakunan shimfiɗe yake da tabarmar ciyawa, ƙanshinta ya tuna min ɗakin kakata.

Ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi a Ingila, ce ke kula da gidan tun 1959. Masu aikin sa kai da ke tsaye a ɗakunan sun san abin da suke faɗa. Wata dattijuwa ta yi min bayanin cewa ana rage hasken wasu ɗakunan ne don kada rana ta cinye kayan saƙar. Saboda haka mai son ɗaukar hoto ya san da wannan. Mai ciwon gwiwa kuma ya shirya, hawan da yawa.

Kafin mu tafi mun leƙa kangon tsohon gidan da ke gefe, wanda shi ma Bess ce ta gina. Ba rufi, amma filastar saman murhunsa na nan manne a bango, ruwan sama na dukanta.