Abin da tsohon ɗan wasa ke ci a Amurka

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. A gaida Hajiya da yara.

Saƙon hularka ya iso, zan ba mai tahowa. Amma ka sani, hular nan mai N da Y a sarƙe da samari ke tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai, ta kulob ce. Yankees ake ce musu, 'yan wasan besbol, wasan da ake jifa da ƙwallo a doke ta da sanda, kuma filinsu yana nan Bronx inda nake, a kan titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana bi ta gefensa. Ta asalin, kamfanin New Era ke ɗinka ta, kuɗinta a shagon filin ya ninka na wadda ake shimfiɗawa a bakin titi, sai dai ko ta sha wanki ba ta lanƙwashewa.

Filin kansa ba a taɓa takardar kuɗi a cikinsa. Tikiti yana cikin waya, ruwa ma sai da kati. Kujerarka da lambarta, ko ka makara za ka tarar da ita tana jiranka, ba mai ce maka matsa can. Banɗaki fes, ga na'urar hawa bene don tsofaffi da masu keken guragu. Abinci ne dai tsada kamar me, shi ya sa nake ƙunso nawa daga gida, tunda sun yarda a shiga da shi. Wasan kuwa sai mai haƙuri. Kowane kulob yana buga wasa 162 a kaka guda, kusan kullum ke nan, kuma rabin lokacin tsaye ake ana kallon mai jifa da mai sanda.

Abin da ya sa na zauna rubuto maka shi ne wani ƙaramin gari, Cooperstown, tafiyar awa huɗu ko fiye a mota daga nan. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, amma can aka gina gidan girmama gwanayen wasan, aka buɗe shi a 1939. Duk wanda ya shiga, ana zuba fuskarsa a faifan tagulla, a rubuta aikinsa a ƙasa cikin 'yan layuka, a kafa a bango. Na ga dattijo ya ɗaga jikansa sama don yaron ya shafa faifan Babe Ruth, ɗaya daga cikin biyar ɗin farko da aka zaɓa a 1936.

Shiga can ba a yin ta da sanayya. In kai ɗan wasa ne, sai ka buga kaka goma a babbar gasa, ka yi shekara biyar da ajiye wasa, sannan 'yan jaridar wasan su kaɗa ƙuri'a, kuma sai ka samu kashi 75 cikin ɗari. Mutum ɗaya tak ya taɓa cinye ƙuri'unsu duka: Mariano Rivera, ɗan masunci daga Panama, a 2019. Derek Jeter ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa a 2020, haka ma Ichiro Suzuki na Japan a 2025.

Ban zaci zan tarar da masu ofis a bangon ba, sai ga su. Akwai Branch Rickey, shugaban kulob ɗin Brooklyn Dodgers, wanda ya sa Jackie Robinson a fili ranar 15 ga Afrilu 1947, lokacin da aka daɗe ba a barin baƙar fata ya buga babbar gasa. Robinson ya sha zagi da barazana, ya daure. A 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk kulob-kulob, yanzu sai ranar 15 ga Afrilu kowa ke saka ta. Akwai Effa Manley, mai kulob ɗin Newark Eagles a gasar baƙaƙen fata, mace ta farko da aka shigar, a 2006.

Wanda na fi daɗewa a gabansa shi ne Marvin Miller. Bai taɓa buga wa wani kulob ba. Daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ya fito, ya jagoranci ƙungiyar 'yan wasa daga 1966 zuwa 1982. Da ya zo, mafi ƙarancin albashi dala 6,000 ne a shekara. Yarjejeniyar farko da ya ƙulla a 1968 ta kai shi 10,000. A 2024 ya kai dala 740,000. Kuma tun 1980, wanda ya yi kwana 43 kacal a babbar gasa ya shiga layin fansho, wanda ya cika shekara goma ya ci cikakke. Masu kulob ba su bayar don Allah ba, yajin aiki aka yi ta yi. Aka yi ta ƙin zaɓen Miller har ya mutu a 2012, sai a ƙarshen 2019 aka shigar da shi. A ganina, Yaya, faifan tagullar ado ne. Fanshon shi ne girmamawar, don shi ke biyan likita in gwiwa ta ƙi.

Ka tuna 'yan Super Eagles da suka ci kofin Afirka a 1994? An yi musu alkawarin gidaje, amma sai a 2021 aka amince a cika wa waɗanda ba su samu ba. Kafin nan Rashidi Yekini ya rasu tun 2012, Stephen Keshi a 2016. Mu wajen kirari da waƙa ba a bar mu a baya ba, har gobe yaro ya san sunan Shago ko bai taɓa ganin dambensa ba. Amma in ka tambayi ina rigar da wani ya ci kofi da ita a filin Sani Abacha ko na Ahmadu Bello, sai a yi ta kallon juna.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. A nan girmamawa ma haja ce. Shiga gidan sai ka biya. Babban titin garin shaguna ne jere, suna sayar da ƙwallo mai sa hannu, da sanduna, da katunan hoto. Katin Honus Wagner guda, irin wanda ake sakawa a kwalin taba wajen 1909, an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022. Saboda 'yan jabu, tun 2001 hukumar gasar take ajiye ma'aikata a gefen fili suna manna wa ƙwallon da aka yi wasa da ita tambari mai lamba, ka duba a intanet ka ga ranar da aka buga ta. A makon bikin shigarwa cikin Yuli, tsoffin gwanaye kan zauna a kan tebur, ka biya kuɗi, ka bi layi, su sa maka hannu, wani ko ɗago kai ba zai yi ba. Wannan bai burge ni ba. Kuma duk gatan nan na 'yan babbar gasa ne. Mu masu tuƙin tasi, inshorar lafiya kaɗai ta ishe mu ciwon kai, don kwana ɗaya a asibiti ba tare da ita ba zai iya cinye abin da ka tara a shekara.

Mai tahowar zai juyo bayan salla. Don Allah a haɗo ni da kilishi in za a bari ya wuce da shi, in ba haka ba yaji da kuka ma sun wadatar, na shagunan nan duk sun sha iska.

Ƙaninka.