Hoh ko Quinault: wacce za ka bi da hutun kwana uku a watan Yuni?

Malam, ka ce kana zaune a Seattle, ka samu hutun kwana uku a farkon Yuni, ba ka taɓa kwana a daji da jakar goyo ba, kuma kana ruwan ido tsakanin hanyar kogin Hoh da ta kogin Quinault mai kaiwa Enchanted Valley. Duka biyun suna cikin gandun dajin Olympic a jihar Washinton. Ka ɗauki Quinault. Ga dalili.

Hoh ce ta fi suna, kuma ta cancanta. Ruwan sama a can ya kai mita 3.5 a shekara, shi ya sa gansakuka ke lulluɓe rassan bishiyoyi har tana reto. Daga ofishin baƙi zuwa sansanin Glacier Meadows kusan kilomita 28 ne, zuwa kaɗai. Kilomita 20 na farko shimfiɗe suke, ka wuce Five Mile Island a kilomita 8, ka wuce gidan masu gadin daji na Olympus wajen kilomita 15. A nan hanyar ke yaudarar mutane. Da ka haye doguwar gadar da ke kan kwazazzabon kogin sai hawa ya kankama, kusan mita 900 cikin kilomita 7 na ƙarshe. Daf da sansanin akwai inda ƙasa ta zaftare, sai an sauka ta wani dogon tsani na igiya da katako, da jaka a baya. A farkon Yuni dusar ƙanƙara kan rufe wannan ɓangaren, ba ta sakin hanya sosai sai tsakiyar Yuli. Ladan Hoh kuwa yana can ƙarshe, wato ƙanƙarar Blue Glacier a gindin Dutsen Olympus mai tsayin mita 2,432. Idan ba za ka kai can ba, ka yi kwana uku kana kallon irin dajin da za ka gani a yini guda.

Quinault ta fi gajarta: kilomita 21 daga Graves Creek, inda hanyar ke farawa, kuma kwarin Enchanted Valley yana wajen mita 600 ne kacal a sama da teku, don haka yana buɗewa da wuri. Ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar farkon Hoh. Tun daga fari za ka hau tudu ka gangara zuwa Pony Bridge a kilomita 4, daga nan hawa da sauka ƙanana har ƙarshe. Tsarin kwana ukun ba wuya: daren farko a sansanin O'Neil Creek, wajen kilomita 11, na biyu a cikin kwarin, rana ta uku ka dawo a miƙe tunda yawanci gangara ce. Yuni ne lokacinta, domin ƙanƙarar da ke narkewa tana zubo ruwa ta jikin duwatsu a wurare barkatai, abin da yake ja baya sosai kafin Agusta. Akwai kuma tsohon masaukin katako na 1931 da aka ja da baya a 2014 saboda kogi na cin gaɓarsa. A rufe yake, kada ka sa rai da kwana ciki.

Sai maganar beyar. Baƙaƙen beyar suna kiwo a filin kwarin a wannan lokacin, shi ya sa doka ta tilasta zuba abinci, man goge baki da duk abu mai ƙamshi a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, a ajiye shi nesa da tanti. Ko beyar ce ko manyan barewar nan da ake kira elk, ka bar aƙalla mita 45 tsakaninku.

Wajen ruwan sha Quinault ta fi sauƙi. Kogin Hoh daga ƙanƙara yake fitowa ɗauke da garin dutse, launinsa kamar an dama toka da madara, kuma nan da nan yake toshe matatar ruwa. A can daga ƙananan rafuka ake ɗiba. A duka biyun sai ka tace ko ka tafasa.

Abin da ke kayar da sababbin shiga shi ne auduga. Rigar auduga in ta jiƙe ba ta bushewa a wannan laimar, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki, mutum ya kama makyarkyata ko da babu ƙanƙara. Ka sa na ulu ko na roba, safa ƙafa uku, ɗaya a ƙulle cikin leda don barci kawai. Jakar barci ma a leda mai kauri.

Takardar izinin kwana ta shafin intanet na Recreation.gov ake yanka, ba a shiga da kare, kuma sabis ɗin waya babu shi. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ka rubuta lokutan salla a takarda tun daga gida. Kwana ɗaya kafin ka tashi ka duba shafin gandun dajin, domin titin Graves Creek na tsakuwa ne kuma ruwa kan cinye shi.