Iyafis ɗin da aka ƙera daidai kunnena: abin da na gani bayan amfani da shi

Sana'ata waƙa ce a wuraren biki, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gaban sifika ya san yadda kunne ke wayar gari yana ƙugi. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana iya lahanta ji idan aka wuce awa 8 a cikinta, kiɗan biki kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa na daure na tara kuɗi, na yi odar iyafis irin wanda ake ƙerawa daidai ramin kunnen mutum, ya tare hayaniyar waje, mawaƙi ya riƙa jin muryarsa da kiɗa ta cikinsa. Tsada kam akwai ta, ga kuɗin aikawa waje, ga jiran makonni.

Kamfani dai bai san kunnenka ba, awon da ka aika masa shi zai bi, kamar tela. Saboda haka duk aikin yana wurin ma'aikacin lafiyar kunne da zai ɗauki siffar kunnen. Sai ya fara leƙawa ya tabbatar babu datti, ya tura ɗan soso mai zare har ya wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne, sannan ya ɗura silikon mai laushi da sirinji. Za ka ji sanyi, duniya ta yi tsit, cikin 'yan mintuna ya daskare. A lokacin nan ya sa na ciji wata 'yar roba don bakina ya zauna a buɗe. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mawaƙi, domin ramin kunne yana sauya siffa duk lokacin da muƙamuƙi ya motsa.

Da kayan suka iso, na hagu ya zauna daram. Na dama ne ya riƙa ba ni matsala: da zarar na buɗe baki zan ɗaga murya, sai iska ta shiga, sautin bes ya ɓace, ganga ta koma kamar ba a buga ta. Raina ya ɓaci sosai, don ba ƙaramin kuɗi na kashe ba. Na mayar musu, suka ƙara masa kauri kaɗan a hancin da ke shiga ciki, ya dawo lafiya lau. Yanzu hayaniyar fili tana raguwa sosai, ina jin muryata tar ba tare da na ƙure sauti ba, na kuma daina tashi da ƙugin kunne.

Sa shi ma sai an koya, domin robar mai tauri ce. Kada ka danna da ƙarfi. Ja saman kunnen da ɗaya hannun, ka sa hancin, ka murɗa shi baya a hankali har ya shige gurbinsa. Idan ka yi gyaran murya ka ji ta cika kanka, to ya zauna daidai, ya rufe kunnen. Lokacin hunturu fata kan bushe, ɗigon man da ake sayarwa don na'urar ji yana sauƙaƙa shigar.

Zufa da dattin kunne suna toshe 'yan ƙofofin sautin, don haka kullum nakan goge shi kafin in mayar akwati. Mai niyyar saye kuma ya tambayi wa'adin gyara kyauta tun kafin ya biya. Kamfanoni da yawa kwana 30 suke bayarwa, kuma jigilar kaya daga nan tana iya cinye kaso mai yawa na kwanakin.